Yadda Ake Koyon Tork, Salon Futbag da Ido Ke Rabuwa da Jaka

Futbag wasa ne da ake yi da 'yar ƙaramar jaka mai faɗin kusan santimita 5, ɗinkakkiya da ƙyalle mai laushi, an zuba mata yashi ko ƙwayoyin roba ko na ƙarfe, kuma da ƙafa kaɗai ake sarrafa ta. Mutum biyu ne suka fito da shi a 1972 a garin Oregon City da ke jihar Oregon ta Amurka, wato Mike Marshall da John Stalberger, wanda a lokacin yake neman abin da zai riƙa motsa gwiwarsa da ta samu rauni. Su suka raɗa wa jakar tasu suna Hacky Sack. Marshall ya rasu a 1975, sannan kamfanin Wham-O ya sayi sunan a 1983. Daga bugun jaka a da'irar abokai, wasan ya rabu gida biyu. Akwai masu buga ta ta saman raga, akwai kuma masu salo, waɗanda suke tare ta a ƙafa, su cilla, su ƙetare ta da ƙafa, su juya, su sake tarewa, salo na bin salo ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Wannan jagora ta masu salo ce, kuma a kan salo ɗaya tak za mu zauna, wanda 'yan wasan ke kira tork.

Na zaɓe shi ne saboda a nan ne mai koyo yake fara karo da abin da ƙarfin ƙafa ba ya warwarewa. Salon farko-farko duk a gaban ido suke faruwa. A tork kuwa, jakar tana shigewa ƙarƙashin cinya, mutum ya ba ta baya, na ɗan ƙiftawar ido ba ya ganin ta sam, sannan ya tare ta da ƙafar da ke harɗe a bayan ɗayar. Wanda ya kalla daga gefe sai ya ɗauka sa'a ce. Ba sa'a ba ce. Jakar tsaye take tashi, tsaye take saukowa a wuri guda, jikin mutum ne yake kewaye ta. Duk abin da zan faɗa daga nan ƙoƙari ne na sa jikinka ya yarda da wannan magana.

Masu wasan suna da ma'aunin wahala da suke kira ad. Ana ba salo maki ɗaya a kan kowane ɗaya daga abubuwa biyar: tare jaka ta kwanta a ƙafa, ƙetare ta da ƙafa tana sama, motsa jiki gaba ɗaya kamar juyi ko tsalle, yin aikin da ƙafar da ta harɗe zuwa ɗaya gefen jiki, sai kuma amfani da wurin da ba a saba ba, irin su tafin ƙafa ko dunduniya. Tork ya haɗa huɗu na farko, don haka ad huɗu ne. Ga siffarsa a taƙaice, idan da ƙafar hagu za ka yi: ka cilla jakar da hagun da ke harɗe a bayan dama, ka ɗaga dama ka ƙetare jakar daga ciki zuwa waje, ka ci gaba da juyawa dama har ka fuskanci inda ka ba baya da farko, ka tare ta da gefen ciki na wannan hagun dai, a bayan dama. Ƙafar da ta cilla ita ce take tarewa.

Jaka da takalmi

Jakar da ake sayarwa ta saƙa, cike tim da ƙwayoyin roba, ta bugu ce, ba ta salo ba. Da ta taɓa takalmi sai ta gangare. Masu salo sun fi amfani da jaka mai yanki 32, goma sha biyu masu kusurwa biyar, ashirin masu kusurwa shida, ɗinkin da aka sani a tsohuwar ƙwallon ƙafa. Nauyinta yakan kama daga giram 50 zuwa 70, kuma ba a cika ta. Wannan rashin cikar shi ne amfaninta, domin idan ta sauka sai ta baje ta zauna. Idan babu inda za ka saya, tela ko baduku mai haƙuri zai iya ɗinka maka da hannu, da ƙyalle mai laushi marar santsi da zare mai ƙarfi. Ka tankaɗe yashi ka cire ƙura, ka zuba abin da bai kai rabin cikinta ba. Kada ka zuba gero ko shinkafa, domin gumi da raɓa za su lalata su.

Takalmin da ya yi suna a wasan shi ne Adidas Rod Laver, takalmin wasan tanis ne asalinsa. Abin da ya sa suke son sa shi ne gefensa na ciki shimfiɗaɗɗe ne, samansa kuma raga ce mai barin ƙafa ta ji saukar jaka. Sukan sake ɗaura igiyarsa ta yadda saman yatsu zai buɗe ya zama ɗan gurbi. Ba dole sai shi ba. Ka nemi kambas marar nauyi, ka ɗora jakar a gefensa na ciki ka gani ko za ta zauna. In akwai tudu ko wani ado na roba a wurin, ka nemi wani. Ka sa gajeren wando, domin dogon wando yana share jakar a hanya, ka rasa gane ko kai ne ka yi kuskure ko ƙyalle ne.

Kilifa, inda komai ya dogara

Kilifa ita ce tare jaka da gefen ciki na ƙafar da ta bi ta bayan ɗayar. Kilifar hagu ke nan: ka tsaya a kan dama, hagu ta zagaya ta bayan ƙwaurin dama, ta leƙo a gefen damanka, gefenta na ciki yana kallon sama. Duk wanda ya yi langa yana yaro ya san wannan tsayuwar, ƙafa ɗaya na ɗauke da jiki, ɗayar na naɗe a baya, sai dai a nan babu hannun da zai riƙe ta. Tork da kilifa yake farawa, da kilifa yake ƙarewa. Wanda kilifarsa ke rawa, ko shekara zai yi yana gwada tork, ɗaukar jaka daga ƙasa kawai zai ƙware a kai.

Abu uku ne ke gyara ta. Na farko idon sawu. Dole ka lanƙwasa shi har gefen takalmin ya kwanta daidai, ba a karkace ba. Ka ɗora jakar da hannu a wurin, ka saki, ka ƙirga zuwa biyar. Idan ta gangara wajen yatsu, ka ɗan ɗaga su. Idan ta gangara baya, gwiwar hagu ce ta yi nisa da ta dama, ka matso da ita har cinyoyin su kusa haɗuwa. Da farko za ka ji jijiyar gefen ƙwauri tana ja, yau da gobe za ta saki.

Na biyu, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi: ƙafar da take tsaye ita ce mai aikin. Hagu faranti ce kawai, dama ce ke sauke ta ta kuma ɗaga ta. Lokacin da jakar ke saukowa, ka tarbe ta a sama kaɗan, ka durƙusa da gwiwar dama kana bin ta ƙasa har ƙarfinta ya mutu. Lokacin cillawa kuma ka miƙe gwiwar dama, jikin duka ya tashi, jakar ta bar takalmi da kanta. Idan ka fizge ta da idon sawun hagu, za ta tashi a karkace, ta yi gefe ko ta yi gaba. Ka saurari ƙararta ma. Tarewa mai kyau kusan shiru take, sai ɗan motsin yashi. In ka ji ƙarar bugu, ka makara wajen durƙusawa.

Na uku kafaɗu. Ka ɗan juya ƙirjinka wajen jakar, ka kalle ta ta gefen damanka, amma kada ka sunkuya har kanka ya wuce gwiwa. Bayanka a miƙe, hannaye a buɗe kaɗan don daidaito.

Ga gwajin da nake ganin ya wajaba kafin a ci gaba. Ka zana ɗan da'ira a ƙasa da alli ko gawayi, faɗin tafin hannu biyu, daidai ƙarƙashin inda kilifarka take. Ka cilla jakar zuwa tsayin ƙugu, ka janye ƙafa, ka bar ta ta faɗi. Idan a cikin goma takwas sun faɗa cikin da'irar, ka shirya. Idan ba haka ba, nan ne aikinka yake tukuna. Na san wannan mataki ba ya burge kowa, babu mai tsayawa ya kalle ka kana yi, amma ban ga wani abu da ke gajarta hanyar tork kamarsa ba.

Miraj da osis

Tork haɗin salo biyu ne, miraj a gaba, osis a baya.

Miraj ba za ta ba ka wuya sosai ba. Daga kilifar hagu ka cilla, ka dire hagun nan take, ka ɗaga gwiwar dama ta gefen ciki na jakar, ka haye ta zuwa waje, ka tare da saman yatsun hagu. Abin lura shi ne da cinya da gwiwa ake ƙetarawa, ba da ƙarshen ƙafa ba. Gwiwa a lanƙwashe, ƙwauri na rataye, da'irar ƙarama. Wanda ya miƙe ƙafa ya zana babbar da'ira, lokacinsa ya ƙare kafin ya sauko. Sannan ka jira jakar ta kai ƙololuwa ta fara dawowa kafin ka haye ta. Mai hanzari yakan doke ta da ƙasan cinya tana tashi.

Osis ita ce ke buƙatar zama. A nan ne ake koyon tare abin da ba a gani. Ka riƙe jakar a hannun hagu, ka sake ta daga tsayin ƙugu a gefen hagunka, ɗan baya kaɗan. Da sakinta sai ka juya dama, wato ka ba ta baya. Hagu ta tashi a bayanka, gefen cikinta na sama. Ka maido kanka ta kafaɗar dama ka nemi jakar. Za ka same ta tana sauka a kan ƙafar da juyin ya riga ya harɗe a bayan dama. Ka durƙusa, ka ƙarasa juyin tare da ita.

Da farko zuciya ba ta yarda. Ido yana son ya bi jakar ta kafaɗar hagu har ƙarshe, sai wuya ya maƙale a can, kafaɗu su ƙi juyawa, ƙugu ya tsaya. Maganinsa shi ne kai ya riga jiki. Ka ɗauke idonka daga jakar da gangan, da wuri, ka kai shi inda za ta sauka, ba inda take ba. Wanda ya jinkirta ɗauke ido don tsoron kada ta ɓace masa, shi ne yake rasa ta, domin yakan iso ɗaya gefen bayan ta riga ta wuce gwiwa. Wanda ya saki da wuri kuwa yakan iso ya tarar da ita tana tafe, har ya sami sararin gyara ƙafa.

Ka kuma kula da tafin dama. A kan gabansa ake juyawa, dunduniya a ɗage kaɗan. Idan tafin ya manne da ƙasa gaba ɗaya jiki kuma ya juya, gwiwa ce za ta ɗauki murɗar, kuma gwiwa ba a yi ta don murɗawa ba. Bayan ka iya daga hannu, ka koma cillawa daga yatsun hagu, sannan daga kilifar dama. Sai osis ta zama abin da kake yi kana hira kafin ka haɗa ta da miraj.

Haɗawa: fara da jakar a ƙasa

Wannan darasi shi ne zuciyar jagorar, kuma ba ya buƙatar jakar ta tashi ko kaɗan.

Ka fuskanci gabas. Ka ajiye jakar a ƙasa a gefen waje na ƙafarka ta dama, wato ta kudu da kai, tazarar kamar faɗin takalmi. Yanzu ka ɗaga dama, ka haye jakar zuwa kudu kana juyawa dama, ka dire ta a ɗaya gefen jakar, ka ci gaba da juyawa a kan gaban tafukanka har ka fuskanci yamma. Kada ka ɗaga hagu daga inda take. Ka tsaya ka duba ƙasa.

Za ka ga jakar tana gefen damanka kamar yadda take da farko. Za ka ga kuma ƙafafunka sun harɗe, dama a gaba, hagu a baya, kuma hagun tana dab da jakar. Wato rabin juyin nan da kansa ya kai ka tsayuwar kilifa. Hagu ba ta yi wata tafiya ba. Abin da ya rage mata shi ne ta tashi daga ƙasa ta kwantar da gefenta. Yawancin masu koyo suna zaton bayan ƙetarawa sai sun kai ƙafar hagu wani wuri mai nisa don ta cim ma jakar, shi ya sa suke wurga ta baya da ƙarfi, su shure jakar ko su wuce ta. Wanda ya ga wannan da idonsa a ƙasa sau ɗaya, ya huta da wannan wahalar.

Ka maimaita takun nan a hankali har ya zama motsi ɗaya, ba haye sannan juyi ba. Juyin yana farawa tun lokacin da gwiwar dama ta bar ƙasa. Nauyin cinyar da ke fita waje shi ne yake jan ƙugu, ƙugu ya ja kafaɗu. Idan ka ga kana ƙetarawa ka tsaya, sannan ka tattaro sabon ƙarfi don juyawa, to salo biyu kake yi a jere, kuma jakar ba za ta jira na biyun ba.

Daga nan ka ƙara ɗan tsalle. A ainihin tork babu lokacin da ƙafafu biyu za su zauna a ƙasa tare. Yayin da dama ke saukowa, hagu ta riga ta fara tashi. Ƙaramin tsalle ne, sauyin ƙafa kawai, amma a cikinsa ne rabin juyin yake faruwa, kuma shi ne yake kare gwiwa, tunda jikin da ke sama babu abin da ke riƙe da shi. Ka dira a kan gaban tafin dama, yatsu na kallon yamma ko kusa da haka, gwiwa a lanƙwashe, a shirye ta durƙusa.

Mataki na gaba, jakar a hannun dama. Ka sake ta daga tsayin ƙugu a kan da'irar allinka, ka yi takun. Kada ka damu da tarewa tukuna. Burin farko shi ne ka haye ta ba ka taɓa ta ba, ka juyo ka gan ta tana faɗuwa a gefen damanka. Bayan haka burin ya zama ta taɓa gefen takalmin hagu, ko da za ta zame. Sai a ƙarshe ka nemi ta zauna. Idan ta fara zama daga hannu, ka koma cillawa daga kilifa, ka sa ran komai zai ɗan rikice na wani lokaci, domin yanzu hagu tana da aiki uku cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya: ta cilla, ta dira ta ɗauki jiki, ta sake tashi ta tare. Ka dire ta da sauri, kusa da inda ta cilla, yatsunta sun ɗan karkata wajen jakar.

Batun tsayi

Duk mai koyo yakan ce lokaci ne bai ishe shi ba, sai ya ƙara cilla jakar sama. Lissafi bai goyi bayansa ba. Jakar da ta tashi santimita 60 ta dawo tana ɗaukar kimanin kashi 7 cikin 10 na daƙiƙa. Idan ka ninka tsayin zuwa santimita 120, lokacin bai ninka ba, kusan daƙiƙa ɗaya kawai ya zama. A madadin wannan ɗan ƙarin, jakar tana saukowa da gudun da ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100, duk karkatar da ta yi wajen tashi ta ƙara faɗi, kuma sai ka tsaya jiran ta sauko daidai gwiwa, inda za ka ƙetare ta tana tsakiyar gudu. A ƙololuwa ne jaka take tafiya a hankali. Saboda haka ka sa ƙololuwar ta zama daidai inda cinyarka za ta iya hayewa, wato wajen ƙugu ko ƙasa da shi kaɗan. Lokacin da kake nema yana cikin gajarta da'irar gwiwa da saurin dire ƙafa, ba a sama yake ba.

Karanta inda ta faɗi

Jakar da ta faɗi tana ba da labarin abin da ya faru, in ka tsaya ka duba kafin ka ɗauka.

Idan ta faɗi nesa a bayanka, ko dai cillawar ta karkata, ko kuma ka yi tsalle gaba ka bar ta. Ka koma kan da'irar alli, ka tabbatar dama tana sauka dab da ita. Idan tana bugun cinyarka ko mazauninka, ka ƙetara da wuri, ko ka zauna a kanta maimakon ka wuce. Ka ɗan jinkirta, ka kuma miƙe bayanka. Idan tana faɗuwa tsakanin ƙafafunka, juyin bai cika ba, kuma kusan kullum kai ne ya makara, ka duba ko kana manne da kallon ta ta hagu. Idan tana taɓa takalmi ta zame waje, idon sawu ya saki a cikin juyin. Ka lanƙwasa shi tun hagu na barin ƙasa, kada ka bari sai jakar ta iso. Idan kuma tana zama amma kai ne kake tangaɗi har ka dafa ƙasa, ka yi juyin da ƙarfi fiye da kima. Rabin juyi ake nema. Ka buɗe hannaye a ƙarshe don su tsayar da kai.

Wayar hannu tana da amfani a nan. Ka jingine ta a ƙasa ta ɗauke ka daga gefe, ka kalla a hankali. Abin da mutum yake ji yana yi da abin da yake yi a zahiri sukan bambanta ƙwarai, musamman tsayin cillawa da lokacin juya kai. Ka kuma nemi hotunan bidiyon ƙwararru a YouTube. Vašek Klouda, ɗan Jamhuriyar Cek, wanda ya ci gasar duniya ta salo a 2002 yana matashi ya kuma sake cin ta sau da dama bayan nan, ya dace a kalla. Kada ka bi ƙafafunsa da ido, sun fi ido sauri. Ka kalli jakar kawai, ka ga yadda take hawa da sauka a layi ɗaya, kusan a tsayi ɗaya, komai wuyar salon da yake yi a kewayenta.

Ɗaya gefen, da lafiyar ƙafa

A al'adar masu wannan wasa, ba a cewa mutum ya iya salo sai ya iya shi ta dama da ta hagu. Ina ganin gaskiyarsu. Ban da cewa a gasa ana duba wannan, jikin da kullum gefe ɗaya yake murɗawa yana tara gajiya a gwiwa ɗaya da ƙugu ɗaya. Kada ka jira sai gefen da ka fi ƙarfi ya ƙware. Tun daga darasin jaka a ƙasa ka riƙa yin biyun, ka ma fara da gefen da ya fi maka wuya, lokacin da ƙafa ba ta gaji ba. Duk abin da na faɗa a sama, ka musanya dama da hagu kawai.

Ka ɗumama jiki kafin ka fara: ɗan gudu a wuri ɗaya, juya idon sawu, tarewa masu sauƙi. Siminti tsirara yana cin ƙwauri da gwiwa saboda yawan dira, turɓaya mai zurfi kuma tana riƙe ƙafa lokacin juyi. Daɓe mai laushi, katako, ko ƙasa mai tauri da aka share sun fi. Ɗan lokaci kullum ya fi doguwar rana ɗaya a mako, domin da zarar ƙafar tsayuwa ta gaji, cillawa takan lalace, sai mutum ya koma koya wa jikinsa kuskure. Gajiyar tsoka ba komai ba ce. Amma zafi mai suka a cikin gwiwa ko a jikin ƙashin ƙwauri alama ce ta a dakata, in ya ƙi tafiya kuma a ga likita.

Bayan ta zauna sau ɗaya

Ranar da ta fara zama za ka ji daɗi, kuma ka cancanci jin daɗin. Sai dai tarewar da mutum ya tsaya a kanta yana rawa bai iya cillawa daga ita ba, rabin salo ce. A gasar duniya, wadda aka fara yi a 1980, wadda kuma ta fara zuwa Turai a birnin Prag a 2003, ɗan wasa yakan yi minti biyu yana jera salo bisa kiɗa, akwai kuma rukunin da ake ba shi daƙiƙa 30 a ƙirga ad ɗin da ya tara. A duka biyun, ƙimar salo tana ga abin da ya biyo bayansa. Don haka da ka tare, ka cilla, ko da zuwa hannu ne. Sannan zuwa tarewar yatsu. Sannan ka sa miraj a bayansa. Tunda tork yana ƙarewa a kilifar da ya fara, kana iya jera biyu a kan ƙafa ɗaya, ka dawo kana fuskantar gabas. Idan kana son sauya gefe, ka sa wani salo a tsakiya da zai kai jakar kilifar dama, kamar osis ta dama, wadda daga kilifar hagu ake shiga ta kai tsaye.

Daga tork hanya ta rabu zuwa salo masu ad biyar. Akwai wanda ƙafar da ta cilla ita ce kuma take ƙetarawa, suna ce masa faradoks tork, akwai kuma mobiyus, wanda ake yin juyi tukuna kafin a shiga tork ɗin. Kada ka taɓa su sai tork ɗinka yana zama takwas cikin goma ta kowane gefe, kuma kana iya shigarsa daga tsakiyar jeri, ba daga tsayuwa kaɗai ba.